Wa Ya Share Tsakar Gidan Gumede?

Ranar Juma'a da safe, ina tsakiyar shan shayi, Senzeni ta faɗo mini gida ko sallama babu. 'Yar ƙanwata ce, marigayiya MaTshuma, kuma ta kwaso halin uwarta kaf, har da fara magana tun daga bakin ƙofa.

"Kawu, tashi. An yi wa Baba sata."

"Me aka ɗauka?"

"Tiyon mota. Duka ukun."

Na ajiye kofi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina bin sawun giwa da na mafarauta a gandun daji, har gwiwoyina suka ce sun gaji, na dawo unguwarmu Njube na zauna. Tun daga nan duk wanda akuyarsa ta ɓata, ko aka zare masa wando a igiyar shanya, gidana yake turo aike. Amma mota, in ban da ƙofar shiga, ban san komai nata ba.

Wannan motar dai kowa a layinmu ya san ta. Tsohuwar Fijo ce, fara, wadda Gumede ya ɗauko ƙanwata a ciki ranar aurensu. Shekara ashirin ta yi a kan bulo, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da MaTshuma ta rasu bara, Gumede ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da za a yi bikin buɗe dutsen kabarinta, kamar yadda muke yi bayan shekara, da wannan motar zai je maƙabarta, shi ne kuma zai tuƙa. Ranar kuwa ita ce gobe Asabar.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana fama da ita. Abu na ƙarshe shi ne tiyon da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, kuma ya ƙi saye. A kan teburin cin abinci ya haɗa su da hannunsa: ya auna da zare, ya yanka jar roba, ya goge bakunan tagulla da magagari har suka riƙa ɗaukar ido. Duk wanda ya wuce sai ya fito da su bakin ƙofa ya nuna masa. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran jirgin ƙasa, kuma in kun zauna minti biyar sai ya gaya maka cewa aikin hannunsa bai taɓa yoyo ba. Ni na ji wannan maganar ta fi sau dubu.

*

Ko da na isa, rabin layi sun riga ni. Sun tattake gefen titi kamar garken shanu, kowa da wanda yake zargi, sai dai duk zargin mutum ɗaya yake komawa.

MaNkala ce a gaba, shugabar layinmu, mace mai murya. Tana riƙe da wasu guntayen tagulla a tafin hannu.

"Baba Tshuma, ka makara, mun gama maka aikin. A amalanken Kamanga muka samo waɗannan."

Kamanga ɗan jari-bola ne, yana tura amalanke yana sayen tsofaffin ƙarafa. Ubansa daga Malawi ya zo aikin haƙar ma'adini. Shi a nan aka haife shi, ya kai hamsin, amma har yau in an yi maganarsa sai a ce baƙon nan. Shekara goma sha tara yana haya a ɗakin bayan gidan MaNkala, kuma ba shi da wani wuri a duniya sai wannan ɗakin.

"Na ba shi zuwa faɗuwar rana," in ji ta. "Ko ya fito da tiyon, ko in watso masa kaya titi. Ni ba na ajiye ɓarawo. Kuma ba mai ba shi ɗaki a unguwar nan, na yi magana da kowa."

"Wa ya gan shi ya ɗauka?"

"An ga amalankensa a ƙofar nan da safe."

Na sunkuya a bakin ƙofa. Tayar hagu ta amalanken tana da faci, duk juyi ɗaya sai ta bar tambari a ƙasa, don haka bin ta ko makaho zai iya. Ta taho daga gabas, ta tsaya taku ɗaya kafin ƙofa, ta daɗe gwargwadon gaisuwa, ta juya. Silifas ɗin Kamanga suna bayanta. Ba su tsallaka ba.

"Bai shiga ba," na ce.

"To ina ka sani, tunda an share ciki? Ɓarawo ne ya share sawunsa."

Na ɗaga kai na duba. Gaskiyarta, an share tsakar gidan tas, daga katanga zuwa katanga, har ƙarƙashin mota. A daji ba mai bin bayan giwa da tsintsiya. A gari kuwa kafin ka farka mata sun goge maka duk abin da ƙasa za ta faɗa.

Sai dai wannan sharar ta ɗaure mini kai. Matanmu suna shara a sunkuye, suna ja da baya, tsintsiya tana zana rabin da'ira a kan rabin da'ira kamar ɓawon kifi. Wannan kuwa layi-layi ce, miƙe, an fitar da kowace kusurwa. Sharar namiji ce, namijin da ya saba share wurin aiki.

Gumede yana zaune a kujera a inuwar mota, bonet a buɗe, ya zuba wa ƙasa ido.

"Sibali, sannu," na ce masa, yadda muke kiran juna tun da ya auri ƙanwata. "Guntayen nan naka ne?"

"Nawa ne."

"Kamanga ya ce kai ka ba shi," in ji MaNkala. "Ka ba shi?"

Gumede ya dubi guntayen. "Ban tuna ba."

Na kwanta na leƙa ƙarƙashin motar don kada a ce ban yi komai ba. Ƙarafa ne birjik, ban san wanne ke gaishe da wanne ba. Na dai ga wani siririn bututun ƙarfe ya fito daga tanki, an cusa masa guntun fensir a baki. Na ɗauka haka masu ƙera ta suka yi ta. Na tashi na karkaɗe riga, na yi fuskar wanda ya gano wani abu.

*

Na ja Senzeni bayan kicin, inda mata suka fara tankaɗen garin masara don tuwon gobe.

"Ke kika yi shara?"

"A share na tarar. Ƙarfe bakwai na zo da dangin mijina, na ɗauka MaNkala ce ta turo wata."

"Wa ya fara ganin an yi satar?"

"Ni. Na buɗe bonet in nuna musu aikin Baba, sai na ga wayam. Na ƙwala ihu, mutane suka taru."

"Shi yana ina?"

"Yana kicin yana wanke hannu. Ya fito, ya duba, ya zauna. Kawu, tun safe ko shayi bai sha ba."

Na yi gyaran murya. Akwai tambayar da ba na so in yi, amma aiki aiki ne.

"Makon jiya na ji kina cewa idonsa ya yi rauni, bai kamata ya tuƙa mota ba."

Ta saki rariyar da ke hannunta. "Au, ni ce ɓarauniyar ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Ni zan kwanta a ƙarƙashin mota da wannan cikin wata bakwai? Kawu, ka tsufa. Da Mama tana nan da ka ji abin da ya fi wannan."

Da na ji kuwa. Na bar wurin da kunya, matan suna dariya a bayana.

*

Na tarar da Kamanga zaune a bakin gadonsa. Ya riga ya ɗaure tukwanensa a buhu, ya naɗe tabarma. Wannan ya ba ni haushi fiye da komai.

"Kai da ba ka ɗauka ba, me kake ɗaure kaya?"

"Baba Tshuma, in sun zo watsowa za su fasa mini. Gara in ɗaure da kaina."

"Tagullar fa?"

"Ranar Litinin ya ba ni, a bakin ƙofa. Ya ce ragowar aiki ce, in ƙara a awo. A ranar ce ma ya nuna mini tiyon."

"An ce an ga kana jujjuya su, har kana shinshinawa."

"Na shinshina. Na ce masa, Baba Gumede, aiki ya yi kyau, amma robar nan ta san fetur kuwa? Na ce ina da wani baƙin tiyo da na ciro daga motar da ta yi hatsari, kusan sabo, in yana so ya ɗauka."

"Ya ce me?"

"Ya ce shi ba ya sa wa motar matarsa bola."

Na rasa inda zan ajiye wannan maganar. Roba ai roba ce, wace irin sani kuma za ta yi wa fetur? Sai wani tunanin ya zo mini, wanda ban so ba: mutumin da ke da tiyo a ajiye, ai shi ne zai ji daɗi in na wani ya ɓata. Na zo in wanke shi, ga shi ya ƙara mini dalilin zarginsa.

"To yau da safe me ya tsayar da kai a ƙofarsu?"

Ya sosa ƙeya. "Duk Juma'a marigayiya takan miƙo mini shayi a wurin. Tun da ta rasu ba mai miƙowa, amma ƙafa ta saba. Ina zuwa wurin sai in ga na tsaya."

"Ba ka shiga ba?"

"Ban taɓa shiga gidan ba."

"Shekara goma sha tara?"

"Ba a taɓa ce mini in shigo ba."

Ya faɗe ta ba tare da wani ƙorafi ba, kamar yana gaya mini farashin ƙarfe. Ni da na ci tuwo a gidan ya fi a ƙirga, ban taɓa lura da haka ba.

*

Saura mutum ɗaya: Mpofu makanike, mai gareji a ƙarƙashin bishiya a ƙarshen layi. Kowa ya san sun ɓata da Gumede. Ya je ya taya shi aikin motar, Gumede ya ce masa masu gyaran motocin zamani ba makanikai ba ne, masu canza kaya ne. Ga namiji, ga wurin aiki, ga fushi. Na tafi ina jin na kama bakin zaren.

Ina isa zaren ya tsinke. Garejin Mpofu ko alade zai nemi a share masa kafin ya kwanta.

"Yaushe rabonka da tsintsiya?"

"Ni da shara, Baba? Je ka tambayi matata, in kana da awa biyu na sauraro."

"An ce kana jin haushin Gumede."

"Ina ji mana. Amma in zan rama, sai in bari ya tayar da ita a gaban jama'a ta mutu masa a mararraba. Me zan yi da tiyonsa? Ko ganinsu ban yi ba, ni kaɗai ne bai nuna wa ba. Yanka su aka yi?"

"Ban sani ba."

"Fetur ya malale a ƙasa?"

"A'a. Ai fensirin yana nan."

Ya fito da kai daga cikin injin da yake gyara. "Wane fensir?"

"Na bakin bututun tanki. Wanda ake ƙera ta da shi."

Mpofu ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Na tsaya ina jiransa ya gama, ina tuna cewa na taɓa tsayawa gaban zaki ban ji yadda nake ji yanzu ba.

"Baba Tshuma, ba a ƙera mota da fensir. Wani ne ya toshe don kada mai ya zube. Ɓarawo yanka yake yi ya arce, tanki ya tsiyaye, ko a jikinsa. Wannan naka yana tausayin fetur."

"Kuma ya yi shara."

"To ka nemo mini shi in ɗauke shi aiki."

Na juya zan tafi, ya kira ni. "Kai da kake bin sawu, bi ɗigon mana. Tiyon da aka cire da mai a cikinsa, duk inda aka bi da shi sai ya yi ta ɗiga."

"An share."

"To, Allah ya ba da sa'a."

*

La'asar ta kusa. Na koma gidan Gumede na zauna a kan bulo, kaina a kulle. Ɓarawo mai shara, mai tattalin fetur, mai yawo da fensir. Kamanga bai shiga ba. Senzeni ba za ta iya ba. Mpofu bai san tsintsiya ba. A daji in sawu ya ɓace sai ka zaga ka sake tarar da shi a gaba. A nan na zaga layi kaf, na dawo inda na fara, na kuma fi ɗazu rikicewa. Daga inda nake ina jin muryar MaNkala tana cewa a fara fito da kayan.

Ba ni da abin yi, sai na zuba wa ƙasa ido, don ita kaɗai na iya karantawa.

Masu tankaɗe sun yini suna kai da kawowa da kwanoni, gari ya zuba ko'ina, tururuwa kuwa sun samu biki. Sun rufe tsakar gidan baƙi ƙirin, kowace da ƙwayarta. Ina kallonsu sai na ga wani wuri kusa da tayar mota, faɗin tafin hannu, ba ko ɗaya a ciki. Ga gari a wurin, amma suna zuwa sai su kauce. Taku ɗaya gaba, ga wani irinsa. Gaba kuma wani.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara, na ɗebi ƙasar na kai hanci. Fetur ne. Tsintsiya ta goge tabon, rana ta busar da shi, amma tururuwa ba su yarda ba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙofa suka nufa ba. Sun zagaya bayan kicin, sun wuce tankin ruwa, suka tsaya a lambun ƙanwata, 'yan kunyoyi huɗu na ganyen miya da Gumede yake ba ruwa safe da yamma tun da ta rasu, ba ya barin kowa ya taɓa. A ƙarshen kunya ta uku ganye biyu sun langaɓe, ƙasar gindinsu sabuwar juyawa ce.

Na san wa, amma ban san don me ba. Mutum ya yi wata goma sha ɗaya yana aiki, ya sace abinsa da kansa ana gobe biki? Abin bai hau ba ta kowace fuska.

Na same shi a kujerarsa. Hannayensa suna warin sabulu da lemon tsami, a ƙarƙashinsu kuma da wani warin.

"Sibali, na ga inda sawun ya tsaya."

Bai ɗago ba.

"Zan tara mutane yanzu. Zan fi so su ji daga bakinka."

"Ban san me kake faɗa ba."

"Ana fito da gadon Kamanga titi."

Ya juyar da kai wajen motar. Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in shaƙe shi.

*

Na aika aka kira kowa. MaNkala ta zo tana huci don an katse mata aiki. Mpofu ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu. Matan suka bar tukwane, Senzeni a gabansu ta ɗaure mini fuska. Kamanga ya zo da amalankensa, gado da buhun tukwane a kai, ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa.

"Ni ban san mota ba," na ce. "Yau na koyi cewa ba a ƙera ta da fensir." Mpofu ya ƙyalƙyale, ba wanda ya taya shi. "Amma na san ƙasa. Ku dubi tururuwan nan."

Na nuna musu wuraren da aka kauce wa, ɗaya bayan ɗaya, suka biyo ni a jere har bayan kicin.

"To wannan me ya nuna?" in ji MaNkala. "Ɓarawo ya bi ta baya ya haura katanga."

"Mai yiwuwa. Senzeni, miƙo mini fartanya. Zan tone kunyar nan."

"Kawu, lambun Mama ne."

"Na sani. Miƙo."

Na ɗaga fartanyar. Gaskiya ban san ko zan iya sauke ta ba.

"Kada ka taɓa mata ganye."

Gumede ne. Ya taho a hankali, mutane suna buɗa masa hanya. Ya durƙusa da wandon fitarsa, ya sa hannu biyu ya ɗaga ganyen nan da ƙasarsu ya ajiye gefe kamar mai ɗaukar jariri. Sannan ya tona, ya jawo wani tsohon buhu, ya zazzage.

Tiyo uku suka faɗo. Bakunan tagullar suna nan suna ƙyalli. Robar kuwa ta kumbura, ta yi laushi kamar dafaffiyar kubewa, ta tsattsage a wurare. Mpofu ya ɗauki ɗaya ya matsa, ja ya manne masa a yatsa.

"Baba, wannan ai tiyon iska ne."

"Na birkin jirgi ne," in ji Gumede, muryarsa ƙasa ƙasa. "Tun ranar da na bar aiki nake ajiye da shi. Tiyon da ke tsayar da tarago arba'in, na ce fetur ɗin mota ɗaya me zai yi masa?"

"Iska daban, mai daban. Balle fetur ɗinmu da ake sirkawa da giyar rake, roba in ba tasa ba ce cinye ta yake yi. Yaushe ka zuba?"

"Laraba. Yau da safe na fito in goge ta, na tarar tana ɗiga ta wuri uku."

"Da ka tayar da ita gobe," in ji Mpofu, bai ƙarasa ba. Senzeni ta dafe ciki. Ita aka shirya za ta zauna a gaba.

"Na cire, na binne, na share," in ji Gumede. "Na ce kafin kowa ya zo zan shiga gari in sayo wani in sa, ba wanda zai sani. Ina wanke hannu na ji ihun yarinyar nan. Na fito na ga mutane. Aka ce ɓarawo, na yi shiru. Aka ce Kamanga, na ce bari in ɗan jira. Ina jira rana ta yi."

"Baba," in ji Senzeni, "don roba?"

"Ya gaya mini tun Litinin." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa, bai iya duban wurin ba. "Mai tura amalanke ya shinshina ya gane abin da ni ban gane ba. Uwarku ta tafi, aiki ya tafi, ido yana tafiya. Abin da ya rage mini shi ne a ce hannun Gumede ba ya yoyo."

"Shi kuma ɗaki ɗaya ya rage masa," na ce.

MaNkala ta buɗe tafin hannunta, guntayen tagullar suna nan tun safe, ta rasa inda za ta ajiye su. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "To ai sai a mayar masa da kayan."

Ba wanda ya motsa, sai Gumede. Ya miƙe da ƙasa a gwiwa, ya ratsa tsakar gidan, ya fita, ya kama hannun amalanken. Kamanga ya ce, "Bari, Baba, tana ja hagu." Bai bari ba. Haka ya tura ta, tana ja hagu yana dawo da ita, gado yana rawa, tukwane suna ƙara, tun daga ƙofarsa har gidan MaNkala, duk layi a tsaye ana kallo. Ba wanda ya yi dariya, har Mpofu.

*

Da safe na riga kowa zuwa, don na san in mata suka iso za su share. Mpofu yana ƙarƙashin motar, Gumede yana miƙa masa sifana kamar ɗan koyo. Baƙin tiyo ne a hannunsu, mara kyan gani, an ɗaura masa bakunan tagullar nan.

"Kamanga ya kawo?" na ce.

"Ya kawo," in ji Gumede. "Na ce ya shigo ya sha shayi. Na ce akwai wuri a mota, kusa da ni."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya gode, ya saba da bakin ƙofa. Maƙabarta kuma zai je da ƙafa, don marigayiya ce ta san shi."

Na fita bakin ƙofa na sunkuya. Ga tayar mai faci, ta taho daga gabas, ta tsaya taku ɗaya kafin ƙofa, silifas a bayanta, ba su tsallaka ba. Amma yau akwai wani sawun. Takalmin Gumede ya fito daga gida ya tsaya gefen silifas ɗin, duga-dugan sun nitse a ƙasa, alamar an daɗe a tsaye. A tsakaninsu ga zoben gindin kofi guda biyu.

Senzeni ta iso da tsintsiya. Na ce mata ta fara daga ciki, ta bar mini nan tukuna.